Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Kiwon Lafiya Ta Jihar Maraɗi Da Tsangayar Ilimin Lafiya Ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo Kan Yawan Tunani Da Ciwon Damuwa

Ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashin kulawarku, tun daga manyan asibitocin birni har zuwa ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyukan Dakwaro da Mayayi, na zaɓi in rubuto muku wannan takarda a bainar jama'a saboda maganar da ke cikinta ta shafi gidaje da yawa a jihar nan, kuma ina son iyaye da malamai da ɗaliban likitanci su karanta ta tare da ku. Ni ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya bayan dogon zama a gidajen likita na karkara, kuma tun da na ajiye aiki nake bibiyar abin da masana ke bugawa game da hoton ƙwaƙwalwar mutanen da tunani ya yi wa yawa har ya kai su ga ciwon damuwa. Abin da nake son gabatar muku shi ne cewa wannan bincike, ko da yake an yi shi da na'urori masu tsada a ƙasashe masu nisa, amfaninsa gare mu yana hannun majo, wato babban ma'aikacin jinya, da ungozomar da ke CSI, wato ƙaramin asibitin matakin farko, kuma bai kamata mu jira ranar da za mu mallaki irin waɗannan na'urori kafin mu fara aiki da shi ba.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin duba marasa lafiya ya san irin tunanin da nake nufi. Mace za ta zo da ciwon kai da nauyin ƙirji da rashin barci da kasala, a gwada jininta a ga babu masassarar cizon sauro, a ba ta maganin ciwon jiki ta tafi, bayan ƴan makonni ta komo da koke iri ɗaya. Idan ma'aikacin ya sami sarari ya tambaye ta abin da ke damunta a gida, sai ta sunkuyar da kai ta ce tunani ne ya yi mata yawa. Wannan tunani yana da alamomin da suka raba shi da tunanin neman mafita: yana ta komowa kan abu guda, mai shi bai kira shi ba kuma ya kasa korarsa, yana cinye hankalin da ya kamata ya tafi ga sana'a da ibada da kula da yara, kuma duk tsawon daren da aka yi ana saƙa da warwara ba a wayi gari da wata shawara ba. In ya waiwayi baya sai ya zama nadama da zargin kai, in ya dubi gaba sai ya zama zullumi. A shekarar 2008 Thomas Ehring da Edward Watkins sun tattara hujjojin da ke nuna cewa wannan hali ɗaya ne ke aiki a cikin ciwon damuwa da ciwon fargaba da rashin barci da firgicin da ke biyo bayan bala'i, wato wanda ya iya taɓa shi ya taɓa cututtuka da dama a lokaci guda.

Kafin na'ura ta shigo maganar, wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Susan Nolen-Hoeksema, ta riga ta nuna cewa yawan tunani yana iya gabatar ciwon. Ita da abokiyar aikinta sun yi wa ɗaliban jami'ar Stanford tambayoyi kan yadda suke yi idan ransu ya ɓaci, sai ga shi bayan kwana 14 girgizar ƙasa ta watan Oktoba na 1989 ta afka wa yankin. Suka koma wa ɗaliban bayan kwana 10, sannan bayan mako 7, suka tarar cewa waɗanda tun farko suke da ɗabi'ar nanata baƙin ciki a zuci su ne alamun damuwa suka fi kamawa kuma suka fi daɗewa a kansu. Bala'i ɗaya ya sami kowa, amma abin da zuciya ta yi da shi daga baya ya bambanta. Ina ganin wannan magana tana da nauyi a jihar da ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, ga kuma namu mutanen na Gidan Rumji da Madarumfa da suka ga sace ƴan'uwa da kore dabbobi da idanunsu.

Na'urar da aka fi amfani da ita a wannan fage ita ce IRM, mai ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu, amma wani salo nata da ke bin aikin ƙwaƙwalwa maimakon siffarta kawai. Asalinsa aikin Seiji Ogawa ne a 1990, wanda ya nuna cewa jini mai ɗauke da iskar oksijin da jinin da ya sauke ta ba sa amsa maganaɗisu iri ɗaya. Duk sashen ƙwaƙwalwar da ya ƙara aiki, jini yakan ƙaru zuwa gare shi bayan ƴan daƙiƙoƙi, kuma wannan ƙaruwar ce na'urar ke aunawa. Misalinsa kamar mutum ne da ya hau bene yana hangen babbar kasuwar Maraɗi: zai ga layin da amalanke suka fi shiga da kaya, ya gane can ne ciniki ya fi zafi, amma ba zai ji abin da mai saye da mai sayarwa ke faɗa wa juna ba. Ya kamata ɗalibanmu su riƙe wannan iyaka tun da farko, domin launukan ja da rawaya da ake gani a kan hotunan lissafi ne aka yi wa fenti, kuma babu na'urar da ke karanta abin da ke zuciyar bawa.

A 2001 Marcus Raichle da abokan aikinsa a birnin St. Louis suka bayyana wani abu da masu bincike suka daɗe suna gani ba su ba shi muhimmanci ba. Akwai wasu sassan ƙwaƙwalwa, musamman a tsakiyar goshi da tsakiyar baya da gefuna biyu na sama, waɗanda aikinsu ke raguwa idan aka ba mutum wani aiki da ke buƙatar ya mai da hankali waje, su kuma tashi tare idan aka bar shi kwance ba ya yin komai. A nan zan kira su mahaɗar zaman shiru, masana kuma suna taƙaita sunanta da DMN. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wannan mahaɗa ce ke aiki idan mutum yana tuna abin da ya wuce, ko yana hasashen gobe, ko yana auna kansa da matsayinsa a idon mutane. Kowa yana da ita, kuma ni'ima ce, domin da ita muke shirya rayuwa da ɗaukar darasi. Wani bincike na Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert a 2010, wanda ya bi mutane 2,250 ta wayar hannu, ya sami cewa kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan da aka tambaye su hankalinsu yana wani wuri dabam da abin da suke yi, kuma a waɗannan lokuta farin cikinsu ya fi ƙasa.

Tambayar da ta biyo baya ita ce me ke sa wannan mahaɗa ta zama kurkuku ga wasu. A 2007 Michael Greicius da abokansa suka kwatanta masu ciwon damuwa 28 da masu lafiya 20, suka ga cewa a wurin marasa lafiyar wani ɗan ƙaramin yanki da ke can ƙarƙashin tsakiyar goshi, wanda ake kira yanki na 25 bisa taswirar da Korbinian Brodmann ya zana a 1909, ya fi manne wa mahaɗar zaman shiru, kuma gwargwadon daɗewar ciwon gwargwadon ƙarfin mannewar. Wannan yanki an san shi da alaƙa da baƙin ciki da janyewa daga mutane. A 2015 Paul Hamilton da Ian Gotlib da wasu suka haɗa sakamakon bincike da dama suka ba da bayani mai gamsarwa: idan sashen da ke tunanin kai ya haɗu sosai da sashen da ke ɗauke da baƙin ciki da ja da baya, sai duk tunanin da mutum ya yi a kan kansa ya fito da ɗaci, kuma ya rasa ƙarfin tashi ya yi wani abu a kai. Wasu binciken sun ƙara da cewa sassan da aikinsu shi ne juya hankali daga ciki zuwa waje ba sa kama ragamar yadda ya kamata. Ga wanda ya yi jinya, wannan bayani ya yi daidai da abin da ido ke gani: matar da ake ce wa ta daina tunani ta yi haƙuri ba ƙi take yi ba, abin ne ya fi ƙarfinta, kuma faɗan da ake yi mata yana ƙara mata wani sabon abin zargin kai ne.

Sai dai wajibi ne in faɗi ɗaya ɓangaren da ƙarfi daidai da na farko, domin shi ne ya fi shafar aljihun talaka. Helen Mayberg da abokan aikinta sun dasa wa marasa lafiya 6 ƴar wayar lantarki a kusa da yanki na 25 a wani gwaji da aka buga a 2005, 4 daga cikinsu suka sami sauƙi mai ban mamaki, amma da aka yi babban gwaji da mutane 90, wanda aka buga sakamakonsa a 2017, ba a sami bambanci a wata 6 na farko tsakanin waɗanda aka kunna wa na'urar da waɗanda ba a kunna wa ba. A 2019 ƙungiyoyin bincike 25 a ƙasar Sin suka haɗa hotunan masu ciwon damuwa 1,300 da masu lafiya 1,128, sai suka sami akasin abin da ƙananan binciken suka saba faɗa: haɗin da ke cikin mahaɗar zaman shiru raguwa ya yi, kuma a wurin waɗanda ciwon ya sha komo musu ne aka ga hakan. A 2022 Scott Marek da abokansa suka duba bayanan mutane kusan 50,000 suka nuna cewa danganta siffar ƙwaƙwalwa da halin mutum yana buƙatar dubban mutane kafin sakamako ya tabbata, alhali binciken da aka saba yi mutane kimanin 25 yake ɗauka. A wannan shekarar kuma wasu masana a Jamus, ƙarƙashin Nils Winter, suka auna mutane 1,809 da nau'o'in hoto dabam-dabam, suka tarar cewa ma'auni mafi kyau bai wuce kashi 54 zuwa 56 cikin 100 ba wajen raba mai ciwo da mai lafiya, wato da kaɗan ya ɗara canke. Abin da ya fi jan hankalina a wannan aiki shi ne cewa tambayar mutum ko yana da masu tallafa masa, da ko an cutar da shi yana yaro, ta fi hoton ƙwaƙwalwa bambanta rukunin biyu nesa ba kusa ba.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, har yau babu hoton da likita zai ɗaga ya ce ga ciwon damuwa nan ko ga yawan tunani nan a kan mutum guda. Ina roƙon hukuma ta faɗa wa jama'a wannan a fili ta gidajen rediyo, domin iyali da yawa, idan ɗansu ya daina magana ya daina cin abinci, sukan sayar da tunkiya ko su jinginar da gona su nufi Yamai ko Kano neman hoton kai, su komo da takardar da ta ce babu komai, sai su yanke cewa abin na iska ne ko sammu, a bar asibiti gaba ɗaya. Hoton kai yana da wurinsa wanda babu mai musu: shanyewar ɓarin jiki, mummunan rauni a ka, farfaɗiyar da ta fara wa babba, ciwon kai mai ƙaruwa tare da amai ko dushewar gani, da sauyin hali na farat ɗaya a wurin dattijo. Don waɗannan ya kamata jiha ta nemi na'ura ta kuma kula da wadda take da ita. Amma IRM mai ƙarfin da ake binciken tunani da ita kuɗinta ya haura dala miliyan ɗaya, tana buƙatar wutar da ba ta yankewa da iskar heliyom mai sanyaya maganaɗisu da ƙwararrun masu lissafi, kuma bayan duk wannan ba za ta gaya wa majo abin da tambaya ta minti biyar za ta gaya masa ba.

Abin da ya tsaya da ƙafarsa bayan duk wannan tankaɗe shi ne cewa yawan tunani ɗabi'a ce da ake iya koyon sauyawa. Edward Watkins na jami'ar Exeter a Ingila ya lura cewa tunanin da ke cutarwa yakan tsaya kan tambayar me ya sa, me ya sa ni, me ya sa kullum haka, alhali tunanin da ke fitar da mutum yakan sauko kan yaya abin ya faru, a ina, da wa, kuma wane mataki ɗaya zan ɗauka gobe da safe. Ya gina hanyar magani ta zantawa a kan wannan: mara lafiya ya gane lokaci da wurin da tunanin ke kama shi, ya shirya abin da zai tashi ya yi da zarar ya ji alamar, ya saba da sauko da tambaya daga sama zuwa ƙasa. A gwajin da aka buga a 2011 kan mutane 42 da suke shan magani amma ciwon bai sake su gaba ɗaya ba, waɗanda aka ƙara wa wannan zantawa sun fi samun sauƙi kuma ciwon bai cika komo musu ba. A 2023 wani gwaji a Amurka kan matasa 76 masu shekara 14 zuwa 17 da suka taɓa ciwon damuwa ya nuna cewa bayan wannan horo tunaninsu ya ragu, kuma hoton ya nuna sauyi a haɗin mahaɗar zaman shiru da wasu sassan. Gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma gargaɗin da na kawo a sama ya hau kansu su ma, amma sun nuna hanya: magana mai tsari tsakanin mutum biyu tana iya taɓa abin da na'urar ke aunawa.

An kuma gwada makamancin wannan a wuraren da suka yi kama da namu. A Harare ta Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata masu aikin lafiya a unguwanni su zauna da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama 6, suna taimaka musu su zaɓi matsala guda su warware ta mataki-mataki. Koken da mutanen can ke zuwa da shi shi ne dai yawan tunani. A gwajin da aka buga a 2016 kan mutane 573, bayan wata 6 kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamun ciwon damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kimanin kashi 50. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Atif Rahman ya horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauye su yi irin wannan aiki da masu juna biyu, kuma a cikin mata 903 da aka buga sakamakonsu a 2008, bayan wata 6 da haihuwa kashi 23 cikin 100 ne ke da ciwon a rukunin da aka taimaka wa, ɗaya rukunin kuwa kashi 53. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan tsari ta buga shi a 2015, ta kuma fitar da wani mai zama 5 kacal, PM+, a 2016 domin wuraren da bala'i ya shafa, baya ga shirin mhGAP da ta ƙaddamar tun 2008 domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba. Duk waɗannan takardu kyauta ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 280 ke fama da ciwon damuwa a duniya a 2019, mata sun fi maza da kusan rabi, kuma fiye da kashi 75 cikin 100 na masu irin waɗannan cututtuka a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ba sa samun magani. Ba na yarda da masu cewa mata sun fi tunani ne saboda raunin halitta. Yarinyar da aka aurar ba ta kai 18 ba, ta haihu a jere, mijin ya tafi bida Libiya ko Legas ba aike ba waya, ɗanta yana kwance a sashen tamowa, ga rumbu ya ƙare tun kafin damina ta tsaya, tana da abin tunani na gaskiya, kuma zaman cikin gida ba tare da sana'a ko abokiyar hira ba shi ne ainihin yanayin da mahaɗar zaman shiru ke samun fili. Haka ɗan kasuwar da rufe iyaka a 2019 da kuma 2023 ya karya wa jari, wanda kunya ta hana shi faɗa wa kowa, sai ya koma ga tramol ko maganin barcin da ake sayarwa a tebur domin ya kashe tunanin na ƴan sa'o'i. Zantawa ba ta cika rumbu, kuma ba zan ce tana yi ba, amma mutumin da tunani ya sake shi ya fi iya neman abin da zai cika shi.

Saboda haka buƙatata ta farko ga hukumar lafiya ta jiha ita ce a shigar da tambayar yawan tunani cikin aikin yau da kullum, musamman a awon ciki da awon yara da sashen tamowa da wurin masu hawan jini da ciwon suga, da kuma cibiyoyin masu yoyon fitsari irin ta Danja. Tambayoyi biyu ko uku sun isa a fara: ko tunani yana hana ki barci, ko kin daina jin daɗin abin da kika saba jin daɗinsa, ko ranki ya taɓa raya miki cewa gara mutuwa. Tambaya ta ƙarshe tana da nauyi a baki, amma bincike ya nuna yin ta ba ya cusa wa mutum tunanin, kuma wanda ya amsa da e yana buƙatar kulawa a ranar, tare da gaya wa iyalinsa su kawar da magungunan ƙwari na gona daga inda hannu zai kai. Tambaya kuwa ba ta da amfani in babu abin da zai biyo bayanta, don haka a zaɓi gunduma guda, a horar da ƴan sa-kai na unguwanni da ungozomomi kan ɗaya daga cikin tsare-tsaren da na ambata, a ba su mai duba aikinsu kowane wata da ɗan alawus da ba ya yankewa, a kuma tabbatar amitriptyline da fluoxetine, waɗanda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, suna nan a farmasin CSI domin waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Wanda ya wuce ƙarfin CSI a san ƙofar da za a tura shi a cikin jiha, kada ya zama sai iyali sun yi tunanin tafiya Yamai mai nisan fiye da kilomita 600.

Ga malaman tsangaya kuwa, ina ganin akwai gurbin da ku kaɗai za ku iya cikewa. Kusan dukkan hotunan da na ambata an ɗauke su ne a Amurka da Turai da Sin, kuma takardun tambayoyin da aka auna tunani da su, irin mai tambaya 22 ta Nolen-Hoeksema da mai tambaya 15 ta Ehring da PHQ-9 mai tambaya 9 kan ciwon damuwa da ta Edinburgh mai tambaya 10 ga masu jego, an rubuta su ne domin mutanen da ke bayyana damuwa ta wata hanya dabam. Wani nazari na 2015 ya tattara rubuce-rubuce 138 daga sassan duniya kan koken yawan tunani, ya nuna cewa abin da mutane ke nufi da shi yana bambanta daga wuri zuwa wuri, wani wurin ya yi kusa da ciwon damuwa, wani wurin da fargaba ko firgici. A Zimbabuwe sai da Vikram Patel da abokansa suka gina ma'auni mai tambaya 14 daga bakin marasa lafiyar kansu kafin aikin benci ya yiwu. Irin wannan aiki muke buƙata da Hausar Katsinawa da Gobirawan Maraɗi, da Fulatanci da Tamashek ga makiyayan arewacin jiha: a zauna da mata da maza a saurari yadda suke faɗin abin, a gina ma'auni, a gwada shi da ganewar ƙwararre, sannan a bi mutane shekara ɗaya ko biyu a ga wa tunanin ya kai ga ciwo, wa kuma ya tsira, da abin da ya tsirar da shi. Wannan bincike ne da ɗaliban shekarar ƙarshe za su iya ɗauka a matsayin kundin kammala karatu, kuma ranar da wata jami'a mai na'ura ta nemi haɗin gwiwa, za ku zauna da ita kuna riƙe da abin da ba ta da shi.

Ba zan rufe ba sai na ambaci malamai da limamai, domin mai yawan tunani a garin nan yakan fara zuwa wurinsu kafin ya zo wurinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki a cikin addu'arsa, kuma Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu kan baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana buƙatar maganin jiki. Saboda haka malamin da ya ce wa almajirinsa ya je asibiti bai saɓa wa turbar magabata ba. A Ibadan da Kumasi, Oye Gureje da abokansa sun gwada haɗa ma'aikatan lafiya da masu maganin gargajiya da na addini wajen kula da masu taɓin hankali, sakamakon da aka buga a 2020 kuma ya nuna marasa lafiyar sun fi samun sauƙi. Ina roƙon a gayyaci malaman Maraɗi da Tsibiri da Tasawa tun a zaman farko, ta hannun masarautu, a bayyana musu abin da binciken ya nuna, a kuma roƙe su abu guda: kada a gaya wa mai wannan ciwo cewa ƙarancin imani ne ya jawo masa, domin wannan kalma takan zama sabon zaren da zai kwana yana saƙawa.

Ina fatan hukuma da tsangaya za su kira zama guda kafin a kammala tsarin aikin shekara mai zuwa, a sa wannan batu a kan tebur tare da majo-majo na gundumomi da ungozomomi da wakilan malamai da ƙungiyoyin mata, a fito da sunan gundumar da za a fara da ita da wanda zai ɗauki nauyin horon. Ni da wasu tsofaffin ma'aikata irina muna nan a garin, kuma a shirye muke mu taimaka wajen mayar da takardun horo zuwa Hausa da zama da sababbin ma'aikata ba tare da neman lada ba sai wurin Allah.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon ma'aikacin jinya, Maraɗi